Wace Bindiga Doka Ta Yarda Mutumin Suleja Ya Riƙe?

Garin Suleja, wanda a da ake kira Abuja, gari ne da tsaron kai ya haife shi. Bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau, Abu Ja ya kafa shi a 1828, kuma har zuwan Turawa ba a ci shi da yaƙi ba. To, ga shi a wannan zamani maganar tsaron kai ta sake tasowa, saboda satar mutane a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna da hare-haren da aka sha kaiwa ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da manoma ke tambaya ko doka ta yarda mutum ya soka ƙaramar bindiga a ƙugu don kare ransa da dukiyarsa.

Amsar tana cikin Dokar Bindigogi, wadda ta soma aiki a 1959, ta kuma kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko shi ne na haramtattu, watau igwa da gurneti da bindiga mai ruwa da bindigogin soja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu su ma cikin wannan kashi suke, domin kuwa makami ne mai sauƙin ɓoyewa a cikin riga. Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasin ɗinsu.

Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, muddin ba masu ɗura wa kansu harsashi ba ne. Lasin ɗinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku kuwa shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba. Ita Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke kula da lasin ɗinta, watau ga mutumin Suleja sai a nufi Minna. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce.

A Amurka, kowace jiha ce ke tsara dokar ɗaukar bindiga a ɓoye. A Jihar Kalifoniya, alal misali, ana rubuta bindigar da aka amince wa mutum a jikin takardar izininsa, ba shi da damar ɗaukar wata dabam. A Nijeriya kuwa ba haka abin yake ba. Tsarin Mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Neja ba ta da ta cewa.

An ga zahirin wannan a watan Yuni na 1922 da ɗari, watau 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya umarci jama'arsa su nemi lasin su mallaki bindiga. Nan da nan Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan makamai.

Don haka mai karatu ya yi hattara. Wanda aka kama da libarba ba tare da izini ba, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, kuma tsoron ɓarayi ba ya zama hujja a gaban alƙali. Amma ita ma hukuma da nata nauyin, domin wanda ya hana mutum makami ya ɗauki alkawarin tsare shi. Mutanen Suleja suna da haƙƙin neman a cika musu wannan alkawari.