Sayen Gida Ba Cinikin Biri A Sama Ba Ne

 Yau maganar sayen gida za mu yi, da yadda ake duba lafiyarsa kafin a miƙa kuɗi. Na san wata za ta ce ina ruwanmu, ai wannan harkar maza ce. To 'yar uwa, ki waiwaya unguwarku. Mata nawa kika sani da suka mallaki gida da kuɗin sana'a, ko na adashi, ko rabonsu na gado? Nawa ne mazansu suka rasu aka bar su da marayu, ya zama su ne masu yanke shawarar inda za a zauna? Ko da maigida ne zai saya, ai ke ce mai wuni a ciki, kuma in rufi ya soma yoyo cikin dare ke ce mai tashi tara robobi.

Bari in fara da labarin wata baiwar Allah da na sani. Matsalar tsaro ta raba su da ƙauyensu, daga baya mijin ya rasu. Ta sayar da 'yan dabbobin da suka rage, ta haɗa da abin da 'yan uwa suka taimaka, ta nemi gida a bayan garin Gusau. Cikin watan Maris dillali ya zagaya da ita wani gida mai sabon fenti da ƙofar ƙarfe, ya ce, "Hajiya, gidan ga tabarmarki kawai za ki shigo da ita." Ta biya a satin. Da Agusta ya zo, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙarƙashin daɓe, bangon ɗakin yara ya dare har ana hango haske. Sai a lokacin maƙwabta suka gaya mata cewa wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Kowa a layin ya san haka, ba wanda ta tambaya ne kawai.

Irin wannan ya yawaita ne saboda neman muhalli ya ƙaru. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996 Gusau ke buɗewa, sannan rashin tsaro ya koro jama'a da yawa daga karkara zuwa cikin Gusau da garuruwa irin su Tsafe da Bungudu. Inda masu nema suka yi yawa, dole a sami masu gini cikin gaggawa don sayarwa, kuma wanda ba shi zai kwana a gida ba, bai cika damuwa da abin da ke ƙarƙashin fenti ba.

A Amurka da Ingila duba gida sana'a ce mai zaman kanta. Mai saye ne ke ɗaukar masani, ya bi gidan tun daga tushe har rufi, ya rubuta rahoton duk aibin da ya gani, da rahoton ake zama a daidaita farashi ko a fasa. Mu a nan abin bai zama al'ada ba tukuna, amma masanan muna da su. Akwai injiniyan gini, wanda hukumar COREN ke yi wa rajista. Akwai safiyo mai tabbatar da iyakar fili, akwai masu ƙiyasta darajar gidaje, ga kuma gogaggen birkila, da kafinta, da mai aikin wayarin. In ƙaramin gida ne na ƙasa ko na bulo marar bene, tsohon magini mai amana da mai wayarin za su gano abu mai yawa. In bene ne kuwa, ko kin ga tsagewar da ta ba ki tsoro, to sai injiniya.

Sharaɗi ɗaya ne ba na so ki manta: ke za ki nemo mai dubawa, ke za ki biya shi. Kada ki yarda da wanda dillali ko mai gida ya kawo. Ba wai dillalai duk macuta ba ne, a'a, akwai masu tsoron Allah da yawa. Amma dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa, saboda haka ba a bakinsa ya kamata ki ji aibin gida ba. Ku yi tsadar aikin tun kafin a je, kuma ki ce a rubuta miki abin da aka gani, a ɗauki hotuna da waya, a ƙiyasta kuɗin gyara.

To me ake dubawa? A fara da ƙasar da gidan ke kai, domin ita ce ba ta gyaruwa. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau ya wuce ta Bungudu, kuma filayen da ke kusa da shi da sauran fadamu ƙasarsu laka ce. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke da rani, wannan motsin shi ke tsaga gini in tushe bai yi zurfi da ƙarfi ba. A wurare masu duwatsu kamar wajen Tsafe da Kwatarkwashi, abin lura shi ne hanyar da ruwa ke bi in ya gangaro, da kuma wahalar haƙa rijiya ko masai. Ki tsaya a ƙofar gida ki duba: titi ne ya fi tsakar gida tudu, ko gidan ne ya fi? In titi ya fi, kin san inda ruwa zai nufa. Shi ya sa damina ce lokacin duba gida, musamman washegarin ruwa mai ƙarfi. In dole da rani za a saya, a nemi shaidar da ruwa ya bari: layin laima a gindin bango, fentin da ya kumbura yana ɓarewa, da fari-farin nan mai kama da kanwa.

Sai bango. Ba kowace tsagewa ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, wadda ta tsaya a kan filasta, yawanci gyaranta ƙarami ne. Wadda ake gudu ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda bakinta ya fi faɗi a gefe ɗaya, ko wadda za ki gani ciki kuma ki zagaya waje ki same ta a daidai wurin. Wannan alama ce tushe na nutsewa. Ki buɗe kowace ƙofa da taga ki rufe. In suna cijewa, mai yiwuwa ginin ya motsa. Ki lura da wurin da aka yi sabon faci ko fenti shi kaɗai, ki tambayi dalili. Magini zai karci bulo da ƙusa a inda ba a shafe ba, in yana zuba kamar gari, siminti bai ji ba. Gidan ƙasa da aka shafe da siminti kuma, a ƙwanƙwasa shi. In ya yi amo kamar ƙwarya, shafen ya rabu da bango, wataƙila laima na cin ƙasar daga ciki.

Rufi kuwa sai an hau. A sa kafinta ya leƙa cikin silin da tocila, ya duba katako ko azara, ko gara ta shiga. Hanyar gara ba ta ɓuya, za a ga zanen ƙasa a jikin itace. Tabon ruwan kasa a silin yoyo ne, ko an ce miki tsoho ne. A duba yadda aka ɗaure rufin da bango, domin iskar farkon damina a ƙasarmu ba ta wasa da kwanon da ƙusa kawai ta riƙe. A duba indararo, ina yake zubar da ruwa, kada ya zama gindin bango ko gidan maƙwabci, nan gaba a yi ta shari'a.

Mai wayarin ya buɗe soket biyu ko uku ya ga kaurin wayar da yadda aka haɗa ta. Siririyar waya da aka ɗora wa firji da dutsen guga da hita zafi take yi, daga nan gobara ke tashi. A tambayi mita, a ga takardun biyan kuɗin wuta, a tabbatar mai gida ya wanke bashinsa kafin ya fita.

Yanzu ga inda idon mace ya fi na kowa: ruwa da makewayi. Ina rijiya take, ina masai yake? Ma'aikatan lafiya kan so a sami tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, kuma a filayenmu na cikin gari hakan na da wuya. Don haka ki tambayi har inda ramin masan maƙwabta yake, domin ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa ba ta san katanga ba. Ba mu manta da amai da gudawar da ta addabi jihohin Arewa a 2021 ba, har da tamu. Ki ja ruwan rijiyar ki duba, ki shinshina, ki tambaya ko tana ƙafewa da bazara. Ki zuba bokiti ɗaya a wurin wanka da wurin wanke-wanke ki ga ko ruwan na fita ko kwanciya yake yi. Murfin ramin masai kuma a duba shi da kyau, in ya tsattsage ko rodi ya fito ya yi tsatsa, hatsari ne ga yara da manya.

Akwai tambayar da mu 'yan Zamfara bai kamata mu tsallake ba: wace sana'a aka taɓa yi a cikin gidan? A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara kusan 400 suka rasu. Dalili shi ne ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta gauraya da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dalma ba ta ruɓewa kuma ido ba ya ganinta. In kin ji an taɓa niƙan dutse ko fasa tsofaffin batura a gida, kada ki shiga da yara sai jami'an lafiya sun auna ƙasar.

Gini na iya zama lafiya lau, takarda ta zama ita ce marar lafiya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna bisa amana, kuma gidan da ke da takardar shaidar mallaka, wato C of O, sauya masa mai shi na buƙatar amincewar gwamna. Ki karɓi kwafin takardun, ki sa lauya ko wani amintacce ya bincika a hukumar ZAGIS da ke Gusau, a ga ko sunan ya dace da mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki. A tambayi hukumar tsara birane ko ginin ya shiga hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Inda takardar ciniki ce kawai ta mai unguwa ko hakimi, a je gare su ƙafa da ƙafa, a ji tarihin wurin. In gidan gado ne, a tabbatar an raba, kuma duk magada sun yarda, har da matan da ke aure a wasu garuruwa. Kada ki ba da ko kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a maido miki in bincike ya nuna matsala.

Ke kuma mai sayarwa, maganar nan ta shafe ki. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, aibin da aka ɓoye wa mai saye na iya sa a rage kuɗi, in babba ne a warware cinikin ɗungurungum. Wanda aka nuna masa aibi ya gani ya yarda kuwa, ba shi da ta cewa daga baya. Kin ga ke nan faɗin gaskiya ke yake karewa. Ki sa a duba gidan kafin ki sa shi kasuwa, ki gyara abin da za ki iya, sauran ki bayyana a gaban shaidu a rubuta. Kuɗin da aka ci da yaudarar marayu ba ya albarka.

Masu shaguna da gidajen haya da makarantu, nauyinku ya fi na kowa, domin rayukan 'ya'yan wasu ne a ƙarƙashin rufinku. A watan Yuli na 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. A Kano ma bene ya rushe a titin Beirut a watan Agusta na 2022. Ƙasar nan na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma ƙa'ida ba ta aiki sai mai gini ya bi. Kada ki ɗora bene a kan tushen da ba don shi aka yi ba, kada a fasa bango don faɗaɗa shago, kada a ɗora babban tankin ruwa a sama, sai injiniya ya gani ya sa hannu. Kuma ki sa a riƙa zagaya ginin sau ɗaya a shekara, kafin saukar ruwa.

Daga ƙarshe, in za ki je ganin gida, ki je da rana tsaka, ki koma sau biyu ko uku, ki tafi da ɗanki ko ɗan uwanki da mai dubawar da kika ɗauka. In maza sun tsaya a waje suna ciniki, ke ki yi sallama gidan maƙwabta ki gaisa da matan. Su ne suka san inda ruwa ke kwanciya, da dalilin da ya sa mai gidan ke son tashi. In aka ce miki wani na nan tafe da kuɗi a hannu, ki biya yau ko ki rasa, ki ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Mai gida mai gaskiya ba zai ƙi jira na kwana bakwai a duba ba.

Allah ya ba kowace uwa muhalli na aminci, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu lafiya.