Talla Ba Ta Son Dogon Turanci

A cikinmu matasan da muka taso a Turai da Amurka, kusan kowa yana da wani kamfani a ransa. Wannan zai ƙirƙiro manhaja, wancan zai sayar da kilishi ta intanet, waccan kuma ɗinkin atamfa take yi. Madalla. Amma ka tambayi mutum, "Wai me kake sayarwa?" sai ya kwashe minti biyar yana zuba maka dogon Turanci, ka tashi ba ka gane komai ba. Ni dai a ganina, nan ne yawancinmu muke faɗuwa tun kafin a fara.

Mu ɗauki M-Pesa ta ƙasar Kenya. Da aka fara gwajinta a 2005, manufar ita ce masu karɓar ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta wayar salula. Sai masu aikin suka lura mutane suna amfani da ita wajen tura wa junansu kuɗi. Da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2007, kalmomi uku kawai ya sa a gaba: aika kuɗi gida. Shi ke nan. Ma'aikacin da ke Nairobi, wanda a da sai ya ba direban mota ko wani ɗan'uwa kuɗi ya kai ƙauye, nan take ya gane da shi ake. Mu ma ai mun san wannan damuwar, tunda mun ga iyayenmu suna cigiyar mai tafiya gida don a ba shi saƙo.

Haka Apple ya yi a watan Oktoba na 2001 da ya fito da iPod. Na'urar tana da ma'adana mai gigabait 5, amma mutum nawa ne suka damu da gigabait a lokacin? Abin da kamfanin ya ce shi ne: waƙoƙi 1,000 a aljihunka. Ka ga an auna kayan da ma'aunin mai saye ke nan.

To ga ɗaya ɓangaren. Kamfanin Juicero na Amurka ya tara sama da dala miliyan 100 daga masu zuba jari, ya ƙera injin matse ruwan 'ya'yan itace mai haɗuwa da intanet, ana sayar da shi kusan dala 400. A watan Afrilu na 2017, 'yan jaridar Bloomberg suka nuna cewa ledar 'ya'yan itacen da ake sa wa injin, da hannu ma ana iya matse ta. Zuwa watan Satumba kamfanin ya rufe. Kwalliya ta yi yawa, amma ba su da amsar tambaya ɗaya: me injin nan zai yi mini wanda hannuna ba zai yi ba?

Abin da na ɗauka a nan shi ne, gajeriyar talla gwaji ce ga kayan kansu. In ka kasa faɗin amfanin kayanka a jimla ɗaya, wataƙila har yanzu ba ka san wa kake yi wa ba, kuma kuɗin da Baba ko Kawu ya ranta maka ne za su tafi wajen gano hakan.

Saboda haka kafin ka biya a zana maka tambari, gwada wannan. Rubuta jimla ɗaya: wane ne mai sayen, me ke damunsa, me kayanka za su yi masa. Karanta wa Mama ko Goggo da Hausa, ban da ko kalma ɗaya ta Turanci. In ta ce, "Nawa ne?" to ka kama hanya. In kuwa ta ce, "To, Allah ya taimaka," koma ka sake zama.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.