3.4 Kashe Tsarin Maido da Kwamfuta Baya a Wuraren Aiki

A wannan sashe za a yi bayani a kan dalilan da ke sa masu kula da na'urori masu ƙwaƙwalwa a wuraren aiki su kashe tsarin System Restore, tare da duba yadda hakan ya shafi ƙananan ofisoshi da makarantu na Unguwar Boro a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna.

Kamfanin Microsoft ya fara sanya wannan tsari a Windows Me a shekarar 2000, sannan ya ci gaba da shi a Windows XP a 2001. Aikinsa shi ne adana kwafin muhimman fayilolin manhaja da saitunan kwamfuta lokaci zuwa lokaci, ta yadda idan wata matsala ta taso za a iya mayar da ita yadda take kwanakin baya. Sai dai ba ya dawo da wasiƙu ko sakamakon jarrabawa ko lissafin kuɗin da ma'aikaci ya rubuta.

Dalilan kashe shi guda uku ne. Na farko, yana cin wuri. A Windows XP yakan riƙe har kashi 12 cikin ɗari na faifan ajiya. Na biyu, ƙwayar cutar kwamfuta takan shiga cikin abin da aka adana, don haka idan aka mayar da na'urar baya bayan an wanke ta, sai cutar ta dawo, gyaran tsaron da aka yi kuma ya rushe. Na uku, a ofishin da aka haɗa kwamfutoci ƙarƙashin babbar na'ura guda, kowace kwamfuta tana da kalmar sirrinta da take sauyawa duk bayan kwana 30. Idan aka mayar da ita kafin ranar sauyin, sai babbar na'urar ta ƙi amincewa da ita, ma'aikaci ya kasa shiga aikinsa.

Hanyar kashewa kuwa ita ce ta Group Policy, wanda ya zo tare da Windows 2000. Mai kula da na'urori yakan ba da umarni sau ɗaya daga babbar na'ura, umarnin ya shafi dukkan kwamfutocin ofishin, kuma ma'aikaci ba ya da ikon sake kunna tsarin.

To amma a nan akwai abin lura. Manyan ma'aikatu suna kashe tsarin ne saboda suna da madadinsa, wato cikakken kwafin manhaja da ajiyar bayanai a wani wuri dabam. Ƙaramin shagon buga takardu ko makaranta mai zaman kanta a Unguwar Boro ba lallai ne ta mallaki wannan tanadi ba. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan lalata manhaja idan ta katse sabuntawa a tsakiya. Haka nan barinsa a kunne ba kariya ba ce, domin cutar WannaCry ta 2017 takan goge irin waɗannan kwafe-kwafe don hana mai na'ura dawo da fayilolinsa.

Saboda haka, bai kamata a kashe wannan tsari ba sai an tanadi ajiya a faifan waje, an kuma gwada an tabbatar tana aiki. Sashe na gaba zai duba hanyoyin yin wannan ajiya.