Wa Ke Tallafa wa Mai Masauki?

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Kafin a yi sallah hanyar kudu ta cika da motocin haya, da na ɗaukar kaya, kowa na neman Wad Madani, babban birnin jihar Jazira da ke bakin Shuɗin Nilu, tafiyar kusan kilomita 190. Cikin 'yan watanni jihar ta karɓi mutane wajen rabin miliyan. An buɗe makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai don a sauke wasu, amma mafi yawansu gidajen jama'a suka shiga: gidan kawu, gidan suruki, gidan wani abokin kasuwanci, wani ma gidan wanda bai taɓa gani ba.

Hausawan yankin sun san hijira tun daga tushe. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da ragowar jama'a, ya kafa garin Maiwurno a kudu da Sinnar. Alhazan ƙafa sun riƙa yada zango a ƙauyukan nan, su yi noma su tara guzuri kafin su ƙarasa Makka, wasu kuma zaman ya ɗore. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gandun noman rani na Jazira, hannunsu na cikin hannayen da suka tsinke audugarsa. Ko a Yulin 2022 ma, rikicin ƙabilanci a Damazin da Rusairis ya kori dubban Hausawa daga gidajensu, kuma 'yan'uwansu na Sinnar da Jazira da Farin Nilu ne suka tarbe su. Saboda haka da baƙin Hartum suka iso, wasu gidajen ba su ma gama sallamar na bara ba.

A duba gida guda. Mutum takwas ne a ciki, an wayi gari sun zama ashirin da biyar. Mata da yara sun cika ɗakuna, maza sun fito da gadajen igiya tsakar gida, samari sun koma masallaci. Makewayi ɗaya ne, tun asuba ake layi. Buhun dawar da aka yi lissafin zai kai kaka ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, uwargida ta fara tsinka miya, maigida ya sayar da akuya, daga nan aka taɓa irin shuka. Ba zai ce uffan ba, domin kunya ba ta barin mutum ya yi kukan baƙo, balle baƙon da wuta ta koro. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon bai san ranar tafiyarsa ba, shi ma kuma abin na cinsa. Wanda jiya yake karɓar albashi a Hartum, yau sai an miƙo masa kuɗin sabulu.

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙungiyoyin agaji sun fi ganin wanda ke sansani, don shi ke da suna a takarda. Wanda ya shige gidan ɗan'uwa yakan ɓace wa lissafi, mai masaukinsa kuwa ba a ma saka shi a ciki ba, alhali shi ya ɗauki mafi nauyin kayan.

Turawa sun gane wannan lokacin da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022. Gwamnatin Folan ta riƙa biyan mai gida zuloti 40 kullum a kan kowane ɗan gudun hijirar Yukren da ya sauka a gidansa, na wani ƙayyadajjen lokaci. Birtaniya ta sa wa mai masauki fam 350 a wata, da sunan godiya. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba in aka duba tsadar rayuwarsu, kuma can ma an sha samun saɓani tsakanin baƙo da mai gida bayan wata shida. Amma hukuma ta yarda cewa alheri ma yana da kuɗin cefane. Magidancin Jazira bai ga ko kwatankwacin haka ba.

Abin da ya riƙe mutane shi ne gayya, wadda Sudaniyawa ke kira nafir. Matasan unguwanni sun kafa kwamitocin gaggawa, aka ɗora manyan tukwane a harabar masallatai da makarantu, ana dafa wake ko adas, kowa ya zo da kwanonsa, ba a tambayar wa ya zo daga Hartum, wa ke gida. Hikimar ke nan, a ganina: mai masaukin da ba zai iya roƙo ba yana iya tura yaro da kwano. Kuɗin kuwa daga 'yan'uwa na Saudiyya da sauran ƙasashe suke zuwa ta manhajar Bankak, shi ya sa da intanet ya ɗauke a Fabrairun 2024 tukwane da yawa suka huce. Ba kowa ne ya yi halin kirki ba. Kuɗin haya a Madani ya yi tashin gwauron zabo, akwai waɗanda suka ci kasuwarsu da hawayen mutane.

Sai kuma abin da ake gudu ya faru. Ranar 18 ga Disamba, 2023, RSF ta shiga Wad Madani. Dubban ɗaruruwa suka fice, baƙo da mai masauki a mota ɗaya, wasu a ƙafa, zuwa Sinnar, Gadarif da Kasala. Har yaran gidan marayu na Maigoma, da aka kwaso daga Hartum a watan Yuni, sai da aka sake kwashe su. An wawashe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya, abincin da zai ciyar da mutum miliyan ɗaya da rabi na wata guda. Wanda ya ƙarar da hatsinsa da dabbobinsa wajen sauke wasu, shi ya fita hannu rabbana, ya je ya tsaya a ƙofar wani.

Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairu, 2025, mutane suka riƙa komawa gidajen da aka yashe. Duk mai niyyar aika taimako daga Kano ko Maradi, ko wata ƙungiya da ke shirin raba kaya, ya fara tambayar baki nawa ke ci a tukunyar gidan, ya bayar a kan wannan lissafi ba tare da ware baƙo daga ɗan gida ba, domin buhun da aka ba ɗaya aka hana ɗaya shi ke haddasa gaba a tsakar gida. Ya bi ta hannun masu girkin unguwa da limamai, su suka san gidan da ke kwana da yunwa a ɓoye. Manomin da ya ciyar da baƙi da irinsa kuma, a mayar masa da iri kafin ruwan Yuli ya sauka.