Zakara Ne Ko Kaza? Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da 'Yan Tsaki

Duk mai kiwon kaji a gida yana son ya san abin da ke hannunsa tun da wuri. Wanda ke neman ƙwai ba ya son ya kwashe wata huɗu yana zuba dusa da tsaki, daga ƙarshe ya wayi gari rabin akurkin na cara. Sai dai a ranar da ɗan tsako ya fito daga ƙwai, galibi namiji da mace kamarsu ɗaya, domin gaɓoɓin haihuwar kaza a ciki suke. Shi ya sa dabarun gargajiya suka yi yawa a wannan fage, kuma akasarinsu ba sa aiki.

Za ku ji an ce dogon ƙwai zakara yake bayarwa, zagayayye kuma kaza. Wasu su riƙe ɗan tsako ta ƙafa su juye kansa ƙasa, wai idan ya yi ta fafutuka namiji ne. Duk canki-canka ne, kuma mai canka yakan dace a rabin lokaci, tunda dama kusan rabi da rabi ake ƙyanƙyashe su. Siffar ƙwai ta danganta ne da kazar da ta saka shi. Wani abin lura kuma, a wajen kaji uwa ce ke ƙayyade jinsin ɗa, ba zakara ba, saɓanin yadda yake ga ɗan Adam.

Hanyar da ke aiki a ranar farko ga kowane irin kaza guda ɗaya ce, wato duba dubura. A Japan aka ƙware da ita, inda Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto suka wallafa bayaninta da Turanci a 1933. Ana matsa cikin ɗan tsako a hankali ya fitar da kashi, a buɗe duburar ƙarƙashin fitila mai haske, a nemi wani ɗan ƙurji da bai kai kan allura ba, wanda ke nuna namiji ne. Sana'a ce da ake zama a koya, kuma ƙwararru ne kawai ke yin ta daidai. Ina roƙon masu kiwo kada su gwada a gida. Ɗan tsakon kwana ɗaya ba shi da ƙwari, matsi kaɗan ya wuce ƙima sai a ji masa rauni a hanji, gobe a tarar da shi ya mutu, alhali ko amsar ba a samu ba.

Akwai kajin gidan gona da aka haɗa irinsu da gangan domin launi ya nuna jinsi. A cikin jajayen kaji masu ƙwai irin ISA Brown, mace tana fitowa da launin ja-ja, namiji kuwa fari ne mai ɗan rawaya. A baƙaƙen masu ƙwai kuma, namiji yana da farin tabo a tsakiyar ka, mace ba ta da shi. Haka ma gashin fiffike: a wasu irin, idan ka buɗe fiffiken ɗan tsako za ka ga layi biyu na gashi, na mace ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na namiji tsawonsu ɗaya. Amma wannan ba ya wuce kwanakin farko, kuma sai a irin da aka shirya don haka. Kajinmu na gida, da iri ya cakuɗe tun kaka da kakanni, ba launi ba fiffike da zai gaya maka komai.

Wannan batu na launi shi ne garkuwar mai saye. A kamfanonin ƙyanƙyasa, waɗanda da yawansu suke yankin Ibadan, ana ware mazan kaji masu ƙwai a sayar da su da araha sosai, don ba su da saurin girma kamar kajin nama. A Najeriya suna da kasuwa, ana kiwonsu a ci, ba kamar Turai ba inda aka daɗe ana hallaka su a ranar farko, har Jamus ta haramta hakan daga 2022. Matsalar ita ce mai talla marar tsoron Allah da zai ɗauko kwalin zakaru ya ce wa uwar gida mata ne. Idan aka ce miki jajayen masu ƙwai ne, kika leƙa kwali kika ga farare tas, ga kuma kuɗi ƙasa da na kowa, mayar da kuɗinki jaka.

Ga kajin gida kuwa, haƙuri ne maganin. Daga mako na 4 zuwa na 6 bambanci yake fara bayyana. Zankon namiji yana riga girma, ya yi ja, haka ma naman da ke reto a ƙarƙashin bakinsa, yayin da na mace yake zama ƙarami, launinsa a koɗe. Ƙafafun namiji sun fi kauri, tsayuwarsa a miƙe take, kuma za ka gan shi yana karo da 'yan'uwansa ƙirji da ƙirji. Kada ka yanke hukunci da alama ɗaya, don akwai mata masu tsiwa. Kuma ka kwatanta 'yan ƙyanƙyasa ɗaya da juna, ba da na maƙwabta ba.

Alamar da na fi yarda da ita tana zuwa ne wajen wata uku. Ɗauki tsakon ka zura yatsa ƙarƙashin gashin bayansa, dab da wutsiya. Idan gashin siriri ne, mai tsini, mai sheƙi, zakara ne. Idan bakinsa a zagaye yake, sagara ce. Gashin wuya ma haka yake. Bayan nan sai cara ta raba gardama, galibi tsakanin wata huɗu da biyar, ita kuma kazar gida takan kai wata shida kafin ta fara ƙwai.

Da zarar ka gane su, raba su. Zakara ɗaya ya wadatar da kaji kamar goma, idan zakarun sun yi yawa sai faɗa da tsige wa mata gashin baya. Kaza kuma tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Sauran mazan a ware musu wuri a ciyar da su da kyau, a auna fitar da su da lokacin Sallah, lokacin da zakaran gida ya fi daraja a kasuwa.