Ana sauya ƙofar zuciya ba a tsaga ƙirji ba

Ƴan kasuwa, sau nawa muke ganin tsohuwa ta taso daga rumfarta, taku kaɗan sai haki, mu ce ai tsufa ne? Wani lokaci ƙofar zuciya ce ta ƙandare, jini ba ya fita sosai. Daga nan sai ciwon ƙirji, sai suma.

A da sai an tsaga ƙirji kafin a sauya ta, aikin da tsofaffi da yawa ba sa iya ɗauka. A shekarar 2002, a birnin Ruwan na Faransa, likita Alan Kiribiye ya fara zura siririn tiyo ta jijiya har zuciya, ya dasa sabuwar ƙofa a cikin tsohuwar. Yau galibi ta matsematsi ake bi. Da tantanin zuciyar saniya ko na alade ake yin ƙofar, don haka mu tambaya tun da wuri.

Sai dai akwai maganar wuya. Jijiyoyi biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ma suna tsukewa da tsufa, kuma shanyewar ɓarin jiki na cikin haɗarin wannan aiki. Shi ya sa likitoci ke duba wuya da na'ura tukuna. Tsukewar kaɗai ba ta cika hana aikin ba. Amma in bakin baba ya taɓa karkacewa, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne, mu faɗa wa likita, don mai yiwuwa wuyan za a fara gyarawa. Aikin kuwa akwai tsada.