Daga fagen dambe zuwa cikin igiya: shin ƙarfin damtse kaɗai ya isa?

Kowace shekara, da zarar an yanke hatsi an ɗaure dammuna an cika rumbuna, sai samarin ƙasar Arewa su kama hanyar cin rani. Daga Dogon Kiriya, Matankari, Ɗan Kasari da ƙauyukan Dallol Mawri, wasu su nufi Yamai, wasu Sakkwato da Birnin Kabi, wasu har Ikko da Kwatano. Dako, tura kura, sayar da shayi, aikin gini, babu wanda ba su yi. Amma tun daga shekarar 2023 akwai wata magana da ta shiga bakin masu ƙarfi daga cikinsu, musamman waɗanda suka taɓa ɗaura zare a hannu suka shiga fagen dambe. Maganar kuwa ita ce: in Francis Ngannou, wanda ya tashi yana haƙar yashi a ƙauyen Batie na ƙasar Kamaru, ya iya kayar da zakaran duniya a karonsa na farko, me zai hana ɗan Arewa ya shiga damben zamani na kuɗi kai tsaye, ba tare da ya ɓata shekaru yana koyo ba?

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ku ƴan kasuwa da ma'aikata ku ne ake zuwa wurinku neman kuɗin mota da na takardu. Ya kamata ku san abin da kuke sa hannu a kai.

Damben zamani hawa biyu ne. Akwai na farko wanda Faransawa ke kira amatar, watau damben da ake yi domin lambar yabo da sunan ƙasa: turmi uku ne, kowane minti uku, alƙalin wasa kuma yana saurin tsayar da faɗa in ya ga yaro ya fara jigata. Sannan akwai damben sana'a, inda ake farawa da turmi huɗu, a hau shida, takwas, goma, har sha biyu in ana neman kambu. A yawancin ƙasashe babu dokar da ta ce dole sai mutum ya bi hawan farko kafin ya hau na biyu. Abin da hukumar dambe ke nema shi ne shekarun girma, takardar likita, da shaidar cewa mai neman lasisi ya san abin da yake yi. Ƙofa a buɗe take ke nan. Sai dai buɗewar ƙofa ba ta nuna abin da ke cikin ɗaki.

Mu fara da Ngannou ɗin, tun da shi ne hujjar samari. Gaskiya ne ya ratsa Najeriya, da ƙasarmu Nijar, da Aljeriya, da Maroko, ya sha ɗauri a Spaniya, ya kwana a titunan birnin Paris. Gaskiya ne ranar 28 ga Oktoba 2023, a birnin Riyad, ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku, aka kammala turmi goma, alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba shi. Abin da ba a faɗa a majalisar shayi shi ne, kafin wannan dare mutumin ya yi shekara goma yana faɗa a wasan nan na haɗa dambe da kokowa, har ya zama zakaran masu nauyi na UFC a 2021. Ba baƙon naushi ba ne. Kuma duk da haka, ranar 8 ga Maris 2024, a wannan birni dai, Anthony Joshua ya kayar da shi sau uku, ya bar shi kwance ba ya motsi tun a turmi na biyu. Shi kuwa Joshua, wanda asalin iyayensa Najeriya ne, ya bi hanyar da samarinmu ke raina wa: ya fara koyo yana da shekara 18, ya ci azurfa a gasar duniya ta 2011, ya ci zinariya a wasannin Olimpik na Landan a 2012, sannan ya shiga damben kuɗi a 2013. Bidiyon karo na farko kowa yana da shi a waya. Na biyun ba a cika tura wa juna ba.

Ba a ce babu wanda ya taɓa tsallake amatar ya yi suna ba. Dwight Braxton, wanda daga baya ya musulunta ya koma Dwight Muhammad Qawi, a gidan kaso na Rahway, a Amurka, ya koyi dambe. Ya fito a 1978 yana da shekara 25, ya shiga sana'ar ba tare da wasan amatar ko ɗaya ba, kuma a 1981 ya ƙwace kambun duniya daga hannun Matthew Saad Muhammad. To amma shi ma a wasanninsa uku na farko ɗaya kawai ya ci, kuma ya samu dakunan horo na Philadelphia inda kowace rana yake gwabzawa da gwanaye. Makarantar da bai yi a gaban jama'a ba ya yi ta a ɓoye.

Mu da muka yi lakkol mun fi sanin labarin Battling Siki, ɗan Saint-Louis na Senegal, wanda ya fara damben kuɗi a Faransa tun yana ɗan saurayi. Ranar 24 ga Satumba 1922 ya buge Georges Carpentier a turmi na shida, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe kambun duniya. Bai yi wata shida da kambun ba aka kai shi Dublin ya rasa shi, kuma a Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a wani titi na New York da harbin bindiga, yana da shekara 28. Sai a 1993 aka maido ƙasusuwansa gida. Siki yana da hannu, amma bai da dangi a cikin sana'ar, kuma masu shirya wasa sun ci da guminsa yadda suka ga dama.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. Samarin da ke ganin damben gargajiya ya ishe su shiri sun manta cewa shi kansa damben gargajiya ba a faɗa masa da ka. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe a Sakkwato ko Kano ya san yara ne ke buɗe fage da la'asar, manya sai rana ta yi sanyi. Yaro yana bin ubangidansa gari gari, yana riƙe masa kaya, yana ɗaura masa zare, har sunansa ma na ubangidan ne: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Shago da Ɗan Anace ya waƙe bai wayi gari ya zama Shago ba. Mahauta, waɗanda asalin wasan nasu ne, sun san dalilin da ya sa suka tsara shi haka.

Bugu da ƙari, wasannin biyu sunansu ne ɗaya, amma hannunsu daban. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, shi ne mashi, ɗayan kuwa garkuwa ce, a buɗe, a miƙe gaba. Yana jira, yana auna, yana neman naushi guda wanda zai yi kisa. A cikin igiya kuwa wannan hannun na gaba shi ne ke aiki fiye da kowane, yana sara yana komawa sau ɗaruruwa, kuma wanda ya saba miƙa shi a buɗe ya bar haɓarsa a fili. Ga kuma babban bambanci wanda, a ganina, shi ne ya kamata iyaye su fahimta. A dambenmu, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kalangu, wanda aka kashe ya tashi ya kakkaɓe ƙura. A damben kuɗi, in ka faɗi ana ƙirga maka har goma, in ka miƙe sai a ce ka ci gaba, da kan da ya riga ya girgiza. Safar hannu tana kare yatsun mai bugu fiye da yadda take kare ƙwaƙwalwar wanda ake bugu. Mutuwar ɗan Koriya Kim Duk-koo a 1982, bayan turmi na sha huɗu, ita ta sa aka rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12. Abin da amatar ke koya wa yaro, kafin komai, shi ne yadda zai kauce, da yadda zai numfasa, da yadda zai sha kaye a wurin da kayen ba zai nakasa shi ba.

Sai maganar kuɗi. Mai shirya wasa da ke da yaron da yake son ɗaukakawa yana bukatar abokan karawa da za a buge, domin lissafin yaronsa ya yi kyau a takarda. Baƙo mai ƙirji, wanda ba shi da tarihi, ba shi da mai tsaya masa, kuma yana bukatar kuɗin abinci a yau, shi ake nema. Daga ɗan abin da za a ba shi, manaja da mai horarwa sai sun cire nasu. In an sumar da shi, doka ta hana shi hawa har tsawon makonni, kuma babu mai ciyar da shi a wannan lokaci. Ko tsofaffin hannu ba su tsira ba: ranar 29 ga Maris 2025, Gabriel Oluwasegun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da na Afirka ta Yamma, ya yanke jiki ya faɗi a cikin igiya a filin Bukom na birnin Akara, aka kai shi asibitin Korle-Bu, rai ya yi halinsa. Shekarunsa 40.

Ƙasarmu kuwa tana da nata misali, kuma ta hanyar amatar ya zo. Marigayi Issaka Dabore shi kaɗai ya wakilci Nijar a Tokyo a 1964, ya koma Meksiko a 1968, sai a karo na uku, a Munich a 1972, yana da shekara 32, ya kawo mana tagulla a ajin kilo 63 da rabi. Shekara 44 aka yi kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ƙara mana wata lamba a Rio, a 2016, shi kuma a taekwondo. Dabore ya rasu a Disamba 2021.

In aka dubi kokowa sai a ga abin da tsari ke yi. Tun da aka fara gasar takobi a 1975, yaro yana tashi daga dandalin ƙauye, ya yi zaɓen gunduma, ya yi na jaha, kafin ya taka babban fage. Ta wannan tsani jahar Doso ta fitar da Salma Ɗan Rani, ta fitar da Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, da ya ɗaga takobi bai gaza sau shida ba. Damben zamani ba shi da irin wannan tsani a Arewa. Hukumarsa tana Yamai, fiye da kilomita 250 daga Dogon Dutsi, ita kuma Dogon Kiriya tana can arewa da Dutsin. Saurayin da ke son koyo sai ya bar gida tukuna, kuma in ya bar gida cikinsa ne ke zaɓa masa wasan da zai karɓa.

Ɗakin horo na farko ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfin ƴan kasuwar Dutsi: rumfa mai daɓe, buhun bugu, igiyar tsalle, safar hannu ƴan ƙwarori, da malamin motsa jiki guda daga cikin waɗanda gwamnati ke turowa makarantun sakandare, in an aika shi Yamai ya samu horo a wurin hukumar. Likitan gunduma zai iya duba yara kafin su fara. Mai kanti da ke ba ɗan kokowa babur ko buhun shinkafa ranar da ya yi kaye, kuɗin babur ɗin nan guda zai sayi yawancin kayan da aka lissafa.